TARWAƊAR DA KA KULLE A GILASHI, SHIN ZA A TAMBAYE KA A KANTA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Yau maganar kifi za mu yi. Na san wani zai yi dariya ya ce, haba Malam, ga tsadar rayuwa ga rashin tsaro, ka rasa abin da za ka yi rubutu a kai sai tarwaɗa? Ka yi haƙuri ka karanta zuwa ƙarshe, wannan ƙorafin naka ma zan tsaya a kansa, don yana da ƙarfi.

A 'yan shekarun nan ajiye kifi a tankin gilashi ya shigo gidajenmu. Za ka gan shi a falo, a ofis, har a wasu shaguna. Wani kifin ado yake saye irin wanda ake shigowa da shi daga waje, wani kuma 'ya'yan tarwaɗa ko ƙurungu yake samowa ya zuba don yara su riƙa kallo. Tambayar da ake yawan turo min ita ce: idan kifin nan ya kamu da ciwo, ya daina cin abinci, ko fatarsa ta ɗaye, dole ne sai na yi jinyarsa? In na ƙyale shi ya mutu, ko na juye shi a kwata na sayo wani, akwai laifi? Ai kifi ne, ko mushensa halal ne.

Amsata a taƙaice: eh, akwai haƙƙinsa a wuyanka, kuma kai ka ɗora wa kanka ranar da ka zuba shi a gilashin. Ga dalilaina.

AJIYEWA HALAL CE, AMMA DA SHARAƊI

Babu laifi mutum ya ajiye dabba don jin daɗin kallonta. Anas ɗan Malik, Allah Ya ƙara masa yarda, yana da ƙane ƙarami da ake kira Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah (SAW) ya riƙa tambayarsa labarin tsuntsun cikin raha don ya faranta masa. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Malamai sun ciro daga cikinsa halaccin riƙe tsuntsu a keji, matuƙar ana ba shi ci da sha kuma ba a azabtar da shi. Kifin gilashi a wannan babin yake.

To amma ku kula da sharaɗin, don a cikin waɗannan littattafai biyun dai aka ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ba a ce ta doke ta ba, ba a ce ta yanka ta ba. Kulle ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta je ta nemi ƙwarin ƙasa ta ci ba, har ta mutu. Kyanwar da take yawo a unguwa, in ba ka ciyar da ita ba, ka rasa lada, amma ba za a ce kai ka kashe ta ba, don ƙofar neman abinci a buɗe take gare ta. Daga lokacin da ka rufe wannan ƙofar, abin da yake sadaka a jiya ya zama wajibi a yau.

Yanzu auna kifin gilashi da wannan ma'aunin. Kyanwar da aka kulle a ɗaki, abinci da ruwa aka hana ta, amma iskar da take shaƙa ba a hannun matar take ba. Shi kuwa kifi, ruwan da ka zuba masa shi ne iskarsa, shi ne ɗakin kwanansa, a cikinsa yake ci, a cikinsa yake kashi. A kogi in wuri ya ɓaci sai ya yi gaba. A cikin lita 60 ko 100 na gilashi babu gaba. Ban san wata dabba da muke ajiyewa a gida wadda rayuwarta ta rataya a hannun mai ita kamar wannan ba. Gwargwadon yadda ka mallake abu, gwargwadon nauyinsa a kanka.

AI MUSHENSA HALAL NE

Gaskiya ne. Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma abin da ya mutu a cikinsa halal ne, shi ya sa ba ma yanka kifi da bismillah kamar yadda muke yanka rago. Amma wannan hukunci ne a kan naman, wato za ka iya ci. Bai ce komai a kan yadda za ka yi mu'amala da shi yana raye ba. Wannan kuma wani hadisin ne ya yi maganarsa, na Shaddad ɗan Aus a cikin Sahih Muslim, inda aka sanar da mu cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa da yanka, a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Komai aka ce, ba a cire na ruwa ba. Ibnu Ƙudama ya kawo a cikin Al-Mugni cewa an tambayi Imam Ahmad game da jefa kifi a wuta da ransa, ya nuna bai ji daɗin hakan ba. Ga malamin da ya san mushen kifi halal ne, amma hakan bai hana shi ƙyamar azabtar da shi ba.

Wani zai ce to kifi ma yana jin zafi? A shekarar 2003 wata masaniya mai suna Lynne Sneddon da abokan aikinta a Birtaniya sun wallafa bincike a kan wani kifin ruwan sanyi, suka gano yana da jijiyoyin da suke ɗaukar saƙon cutarwa a fuskarsa da leɓɓansa. Waɗanda aka sa wa abu mai raɗaɗi a leɓe sun riƙa goga bakinsu a tsakuwa, numfashinsu ya ƙaru, suka daɗe ba su koma cin abinci ba. Akwai masana da suka yi jayayya, suka ce ƙwaƙwalwar kifi ba ta da sashen da ɗan Adam yake jin zafi da shi, don haka abin da ake gani zabura ce kawai. Muhawarar tana nan. Amma kai Musulmi ka auna kasadar: in ka tausaya masa alhali ba ya ji, ka yi asarar minti 20 da bokitin ruwa biyu. In ka wulaƙanta shi alhali yana ji, ka ɗauki haƙƙin wanda ba zai iya yafe maka ba. Mai hankali ya san wanne zai ɗauka.

Kuma ku tuna, da Sahabbai suka ji labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare, sun tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, aka amsa musu da ƙa'ida mai faɗi, cewa akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Duk matar da ta taɓa gyara tarwaɗa a kicin ta san tana da hanta.

CIWO BA YA SAUKE HAƘƘI

Abin da ya fi damuna shi ne wannan tunanin: na saye shi don ado ne, yanzu ya yi ƙuraje ya daina kyau, amfaninsa ya ƙare. Babban malamin nan Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Masar a shekara ta 660 bayan Hijira, ya jero haƙƙoƙin dabbobi a kan mutum a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Na farko da ya ambata shi ne mai dabba ya ci gaba da ɗaukar nauyinta ko da ta naƙasa ko ta yi ciwon da ba za a ƙara amfana da ita ba. Ya kuma ambaci kada a haɗa ta wuri ɗaya da abin da zai ji mata rauni, ko jinsinta ne ko ba jinsinta ba. Shekaru fiye da 700 ke nan, amma wallahi kamar yana tsaye a gaban tankin gilashin falonka yake magana.

Domin tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. Duk mai kiwon kifi ya san in bai ware manya daga ƙanana ba, zai wayi gari adadi ya ragu. In ɗaya ta ji rauni, sauran sukan bi wurin raunin da cizo har su ƙarasa ta. Wanda ya ga kifinsa da ciwo a jiki ya bar shi cikin sauran, ya saɓa wa sharaɗin nan na biyu kai tsaye.

JINYAR DA KANTA

Tausayi ba tare da sani ba yakan yi ɓarna. Mutane da yawa da sun ga kifi ba lafiya sai su ƙara masa abinci, ko su fasa kafson maganin mutane su zuba a ruwan, su ƙarasa shi da hannunsu cikin kyakkyawar niyya. Wanda ya ɗauki amana, neman sanin yadda ake riƙe ta yana cikin amanar. Ga abin da ya kamata mai tanki ya sani.

Na farko, ruwa kafin magani. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma mafi yawan ciwon kifin gida daga ruwan yake farawa. Kifi yana fitar da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya, ragowar abinci da kashi in suka ruɓe su ma shi suke bayarwa. A cikin soson matacin ruwa akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suke juya amoniya zuwa naitirait, shi ma guba ne, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Sabon tanki yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin waɗannan ƙwayoyin su kafu, shi ya sa wanda ya sayi tanki yau ya cika shi da kifi yau yakan fara kwasar gawa cikin sati biyu. Ruwa yana iya zama garau a ido alhali cike yake da guba. Masu sayar da kayan kifi suna da abin gwaji, kuma abin da ake so shi ne amoniya da naitirait su nuna sifili. A ƙa'ida ana canza kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ruwan duk mako, in kuwa kifi ya fara nuna alamar ciwo ana iya canza har rabi. Ruwan famfo da aka sa wa kulorin kada a zuba shi kai tsaye, a sa masa maganin kashe kulorin ko a bar shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ya wuni. Soson matacin kuma da tsohon ruwan tankin ake ɗauraye shi, in ka wanke shi da ruwan famfo ko sabulu ka kashe ma'aikatan da suke yi maka aiki kyauta.

Na biyu, a ware maras lafiya. Roba mai tsabta wadda sabulu ko omo bai taɓa shiga ba ta isa. A sa masa guntun bututu ko tukunyar ƙasa ya ɓuya a ciki, don tarwaɗa dabbar duhu ce, haske mai yawa yana tayar mata da hankali. A rufe saman, saboda tana tsalle ta fito, amma a bar sarari tsakanin ruwa da murfi. Allah Ya yi wa tarwaɗa wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, tana buƙatar ta riƙa tasowa tana kurɓar iska. In ta galabaita, a rage zurfin ruwan yadda za ta kai sama ba wahala.

Na uku, kamu. Tarwaɗa da ƙurungu suna da ƙaya mai ƙarfi a fukafukan gefe, in aka kama su da raga ƙayar tana sarƙewa, wajen ɓanɓarewa a karya ta ko a yage fata, kai ma ta soke ka. A kora shi cikin kwano ko roba a ɗauko shi da ruwansa. Kada a riƙe shi da busasshen hannu ko tsumma, domin ba shi da ɓawon jiki irin na karfasa, yauƙin nan da ke jikinsa shi ne rigarsa da garkuwarsa.

Na huɗu, a karanta alamomi. In gashin bakinsa ya fara cinyewa, a duba ƙasan tankin, ko tsakuwa ce mai kaifi ko datti ya taru, a canza da yashi mai laushi. In an ga abu fari kamar auduga a kan rauni, naman gwari ne ya hau wurin. In kuwa farare ne ƙanana kamar an barbaɗa gishiri, kuma yana goga jikinsa a abubuwa, wannan wata ƙwayar cuta ce da take shiga ƙarƙashin fata. Magani ba ya samunta tana jikin kifin, sai ta faɗo ta hayayyafa 'ya'yanta sun fito cikin ruwa, don haka ba a dakatar da magani ranar da ɗigon ya ɓace, ana ci gaba na wasu kwanaki.

Na biyar, hattara da magani. Kifi maras ɓawo ya fi saurin jin magani, musamman mai jan ƙarfe a ciki da koren maganin nan malakait, shi ya sa galibi ake ba da shawarar rabin awo ga irin su tarwaɗa. Gishiri zalla yana taimaka wa tarwaɗarmu, giram 1 zuwa 3 a kowace lita, a narkar da shi tukuna a zuba a hankali, amma wasu ƙananan kifayen ado na wannan dangin da ake kawowa daga Kudancin Amurka ba sa jure shi sosai. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa sai da shawarar likitan dabbobi ko jami'in kiwon kifi. Kuma kifin da aka yi wa magani da malakait kada ya shiga tukunya, an hana amfani da shi a kifin ci a ƙasashe da yawa saboda illarsa ga mutum.

Na shida, abin da ya shafe mu nan musamman: hunturu da ɗaukewar wuta. Tarwaɗa ta fi jin daɗi a ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. A Disamba da Janairu dare a Kano ko Zariya ko Jos yakan sauko ƙasa da digiri 15, kuma ƙaramin tanki nan da nan yake hucewa. A janye shi daga taga, a lulluɓe shi da bargo in babu abin ɗumama ruwa. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a dakatar da abinci, lafiyayyen kifi yana yin kwana biyu uku bai ci ba ba tare da wata illa ba, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana zubo shi daga sama don iska ta shiga.

Akwai wani abu a halittar tarwaɗa da nake so ku tsaya ku yi tunani a kai. Wannan baiwar ta shaƙar iska ita ce take sa ta rayu a ruwan da zai kashe karfasa cikin dare ɗaya. Sai mai ita ya ce ai tarwaɗa ba ta da matsala, ko a kwata za ta rayu, ya bar ta wata biyu a ruwa mai wari. Juriyarta ta zama dalilin zaluntarta. Ku duba gidajenmu da wuraren aikinmu, wa aka fi tauye wa haƙƙi? Matar da ba ta ƙorafi, yaron gidan da ba ya musu, ma'aikacin da ko an riƙe masa albashi gobe zai zo. Tunda bai mutu ba, sai mu ɗauka lafiya yake.

MUTANE NA YUNWA, KANA JINYAR KIFI?

Na yi alkawarin zan dawo kan wannan, kuma ba zan raina shi ba. A garin da mara lafiya yake kwance a gida saboda babu kuɗin allura, mutum ya kashe dubban nairori a kan kifin ado, dole zuciya ta yi wani iri. Shari'a ma ta jera abubuwa, an ce ka fara da waɗanda suke ƙarƙashin kulawarka. In kuɗin hannunka na maganin ɗanka ne ko na kifi, babu wani malami da zai ce ka tsaya tunani. Wanda kuma maƙwabcinsa yake kwana da yunwa yana sane, shi kuwa yana ƙawata gilashi da fitilu, ya binciki imaninsa.

Amma ku lura da inda wannan hujjar take kai mu. In ta yi ƙarfi, abin da take cewa shi ne kada ka sayi kifin tun farko. Ba ta ba ka lasisin ka saya, ka ji daɗinsa yana lafiya, ranar da ya kwanta sai ka tuna da talakawa ba. Ranar da kake biyan kuɗin tanki da fitila ba ka tuna da su ba. Kuma a gaskiya, kuɗin da aka hana kifin, nawa ne a ciki yake isa hannun mabuƙaci? Sannan mafi yawan jinyar da na lissafa a sama ba kuɗi take ci ba, bokiti ne da roba da gishiri da ɗan lokaci. Abin da yake hana mu yawanci kasala ce, sai mu sa mata rigar tausayin mutane.

Ni abin da na gani a rayuwa, rahama ba kamar garin tuwo take ba, da in ka ɗebi na wani sai na wani ya ragu. Ta fi kama da rijiya, wadda ake ja ita take kawo ruwa. Mutumin da zai tashi da sanyin asuba ya duba ko kifinsa ya kwana lafiya, da wuya ya tsallake maƙwabcinsa a kwance.

In kuwa ka ga ba za ka iya ba, akwai mafita mai mutunci. Ka ba wanda zai iya, ko ka mayar wa mai sayarwa. Tarwaɗa in tana samun abinci tana iya kai kilo guda cikin wata shida, a kogi kuma tana wuce mita ɗaya a tsawo, ƙaramin gilashin falo ba gidanta na dindindin ba ne. In lafiyayya ce kuma ba a sa mata magani mai illa ba, ka kashe ta da gaggawa ku ci, halal ce. Abin da ba shi da kyau shi ne a juye kifi mara lafiya ko baƙon kifi a kogi ko dam da sunan an 'yanta shi. Mara lafiya zai kai cuta ga dubbai, baƙo kuma yana iya mamaye na gida. A jihar Fulorida ta Amurka, wata 'yar'uwar tarwaɗa da aka shigo da ita daga Asiya don kasuwar kifin ado a shekarun 1960 ta kuɓuce ta bazu a ruwayensu, har yau ba su rabu da ita ba.

IN AN FID DA RAI

Wani lokaci za ka yi duk abin da ya dace amma ciwon ya ci ƙarfinsa: ciki ya kumbura, jiki ya ruɓe, ya kwanta a gefe kwana da kwanaki ba ci ba motsi. Shin a bar shi har ya mutu da kansa, ko a hutar da shi? Malamai sun yi saɓani a kan kashe dabba don hutar da ita. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shaihu Khalil a cikin Mukhtasar ya kawo halaccin yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita, masu sharhi suka ce don a hutar da ita ne. Ni wannan nake bi, da sharaɗin an tabbata babu sauran dabara, kuma an yi shi ta hanya mafi sauri.

Ga ƙaramin kifi, masana suna amfani da man kanumfari, kimanin mililita 0.4 a kowace lita. A kaɗa shi da ɗan ruwa mai ɗumi, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, kifin zai yi barci, numfashi ya tsaya, a bar shi a ciki aƙalla minti 30 don a tabbata. Babbar tarwaɗa kuwa, tunda tana shaƙar iskar sarari, bugu ɗaya mai ƙarfi a tsakiyar kai sannan a cire kan nan take shi ya fi. Kada a zuba shi a masai da rai. Kada a jefar da shi a tsakar gida a ce zai mutu da kansa, tarwaɗa tana yin sa'o'i a waje tana fama. Wannan maganar ta shafi kicin ɗinmu da wuraren gashin kifi ma, inda ake bulbula wa tarwaɗa gishiri ko tafasasshen ruwa da ranta tana birgima, don kawai a huta da kokawa da ita. 'Yan'uwa mata da masu sana'ar kifi, don Allah a gyara. A fara kashewa, sannan a wanke yauƙin.

WANDA BA YA KUKA

Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya shiga gonar wani mutumin Madina, wani raƙumi ya gan shi ya yi kuka idanunsa suna zubar da hawaye. Ya shafa shi har ya natsu, ya nemi mai shi, ya yi masa faɗa a kan ya ji tsoron Allah game da dabbar da Allah Ya mallaka masa, don ta kai ƙarar yana barinta da yunwa yana wahalar da ita. Raƙumi yana da murya da hawaye. Akuya in ta ji yunwa sai ta hana unguwa barci, dole ka tashi ko don kunyar maƙwabta. Kifi fa? In ka cire ƙurungu da yake ɗan ƙara in an kama shi, shiru ne. Zai yi sati yana shan azaba a tsakiyar falonka, kana shan shayi a gabansa, ba wanda zai sani.

Shi ya sa nake ganin wannan ƙaramar mas'ala ma'auni ce. Kyautata wa mai iya rama maka, ko mai iya tona maka asiri, akwai lissafi a ciki. Wanda ba zai gode ba, ba zai kai ƙara ba, ba kuma wanda zai yaba maka a kansa, in ka kyautata masa to saboda Allah ka yi. Allah Ya gaya mana a Suratul An'am cewa dabbobi al'ummai ne kamar mu. A hadisin falalar ilimi kuma an ambaci cewa har kifaye a cikin ruwa suna nema wa malami gafara, wasu malamai suka ce saboda da iliminsa ne mutane suke sanin haƙƙin kowace halitta.

Sannan yaranka suna kallo. Kai ka ce don su ka sayo. In suka ga ranar da kifin ya yi ciwo Baba ya naɗe hannun riga ya canza ruwa, ya ware shi a roba yana leƙawa safe da yamma, sun koyi yadda ake yi da mara lafiya. In suka ga an kwashe shi an watsar an sayo sabo, wannan ma darasi ne, kuma wata rana kai ne za ka tsufa a hannunsu.

Don haka wanda yake da tanki a gida, yau kafin ya kwanta ya je ya duba shi da kyau, ya tuna yaushe rabon da ya canza ruwan. Wanda kuma yake shirin saye, ya tambayi kansa ko zai iya da ranar ciwo, in ba zai iya ba ya bar kifin a inda yake, babu wanda zai tambaye shi don me bai ajiye ba.

Allah Ya sanya rahama a zukatanmu, Ya yafe mana haƙƙoƙin da muka tauye muna sane da waɗanda ba mu sani ba, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.

Wanda yake da ƙwarewa a kiwon kifi ya ƙara mana haske a ƙasa, don wasu su amfana.